Shawara: Zuciyata Tana Dukan Uku-Uku Ina Riƙe Da Sitiyari

Assalamu alaikum Malam. Ni direban babbar mota ne a Makka, shekaruna 34, ina jigilar masu Umara tsakanin Makka da Madina, iyalina kuma suna gida Najeriya. Watanni bakwai da suka wuce aka kira ni aka ce mahaifina ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar La'asar, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Shekarunsa 68, yana da hawan jini da ciwon sukari. Ban samu jana'izarsa ba, washegari ma na koma bakin aiki. Bayan kamar wata biyu, ina cikin hanyar nan da aka huda a dutse, wadda muke kira nafaƙ, mota cike da fasinjoji, sai na ji zuciyata tana dukan uku-uku, zufa ta keto mini, yatsuna suka yi kamar ana tsira musu allura, numfashi ya ƙi isa ta. Na tabbata a raina mutuwa ce ta zo. Tun daga ranar abin yake dawowa, wani lokaci sau uku a mako. Sau biyu na je sashen gaggawa, aka yi mini awon zuciya, likita ya ce lafiyata ƙalau, damuwa ce kawai. Na sayi na'urar da ake maƙalawa a yatsa, ina auna bugun zuciyata fiye da sau talatin a rana, idan abin ya taso yakan kai 130. Na daina zuwa Harami sallar Juma'a saboda cunkoso, a masallacin unguwa ma sai kusa da ƙofa nake tsayawa. Kawuna da ya kawo ni ƙasar nan ya ce shafar aljanu ce ko raunin tawakkali, ya kai ni aka yi mini ruƙya. Abokin ɗakina ya ba ni wata ƙwaya, na sha na ji daɗi, amma ta sa ni barci. Saboda tuƙin dare ina shan gahawa da lemon ƙarin kuzari gwangwani uku, ga kuma goro. Matata ba ta san komai ba. Ina tunanin ajiye aikin in koma gida, amma mahaifiyata da ƙannena da ni suka dogara. Malam, ciwon zuciya ne irin na Baba, ko haukacewa zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin komai ina yi maka ta'aziyya, Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ya huta, Ya ba ku haƙurin rashinsa. Na karanta wasiƙarka fiye da sau ɗaya, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin da aka gaya wa rasuwar mahaifinsa ta waya, ya kwana da ita shi kaɗai, gari ya waye ya sake riƙe sitiyari da rayukan baƙin Allah a bayansa. Zan fara amsa tambayarka ta ƙarshe, domin na san ita ce take hana ka barci. Abin da ka siffanta ya yi daidai da abin da likitoci ke kira farmakin firgici, a Larabce naubatul hala', kuma wannan lalura ba ta haukatar da mutum, ba ta kuma tsayar da zuciya mai lafiya. Tana da magani, kuma tana cikin lalurorin damuwa da suka fi amsa magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 301 ne suke fama da nau'o'in lalurar fargaba, saboda haka kana cikin jama'a mai yawa, sai dai mafi yawansu shiru suke yi kamar yadda ka yi.

Likitan da ya ce maka damuwa ce kawai yana iya zama ya faɗi gaskiya, amma kalmar nan “kawai” ta bar ka da zaton cewa ƙirƙirar ciwon kake yi, alhali abin da kake ji a ƙirjinka na gaske ne. Tunda kai direba ne, bari in yi maka bayani da harshen mota. Allah Ya sanya wa jikin ɗan'adam totur da birki. Idan ƙwaƙwalwa ta hango haɗari, sai ta aika saƙo zuwa wasu 'yan halittu biyu da suke zaune a kan ƙoda, su zubo sinadarin adiranalin cikin jini, nan take zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, zufa ta fito, jini ya nufi manyan tsokoki, domin mutum ya iya gudu ko ya kare kansa. Wannan shi ne totur, kuma shi ne yake ceton ka ranar da raƙumi ya faɗo maka titi da dare. Birkin kuma wata doguwar jijiya ce da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta zuciya har zuwa ciki, aikinta ta mayar da komai daidai idan haɗari ya wuce. A farmakin firgici ana taka totur ne babu raƙumi a gaba, kamar mota tana firi aka danna mata wuta, injin ya yi ruri, jikin mota ya ɗauki rawa, alhali babu abin da ya lalace a cikinta.

Zuciyar baligi idan yana hutawa tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, tana kuma bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana ba tare da ka kula da ita ba. Ƙiyasin da aka saba yi na iyakar gudunta shi ne a cire shekarun mutum daga 220, wato kai naka ya kai wajen 186. Ka ga ke nan 130 ɗin da take tayar maka da hankali tana cikin abin da aka halicci zuciyarka ta ɗauka. Ka tuna ranar da ka yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, tafiyar da ta zarce kilomita uku, kana sassarfa tsakanin korayen fitilu. Da a ce ka maƙala na'urarka a wannan lokaci, da ka ga adadi irin wannan ko fiye, amma ba ka ji tsoro ba, domin ka san dalilin bugun. A cikin nafaƙ kuwa, bugun ya zo wa mutumin da bai daɗe da jin cewa mahaifinsa ya faɗi bai tashi ba, sai ƙwaƙwalwa ta fassara shi da cewa irin ta Baba ce ta zo. Wannan fassara ta ƙara zubo adiranalin, adiranalin ya ƙara bugun, ƙarin bugun ya tabbatar maka da fassarar, haka abin yake zagayawa yana ciyar da kansa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tsirar allurar da kake ji a yatsu da jirin da ke biyo baya suna zuwa ne daga saurin numfashi, wanda yake fitar da iskar kabon daga jini fiye da kima. Yawanci farmakin yakan kai ƙololuwarsa cikin minti goma, sannan ya fara sauka da kansa, kuma da wuya ya sa mutum ya suma, saboda a lokacinsa ƙarfin gudun jini hawa yake yi, suma kuwa faɗuwarsa ce take kawo ta.

Duk da haka ba zan ce maka ka rufe maganar asibiti ba, musamman da yake rayukan mutane kake ɗauka. Awon da aka yi maka a sashen gaggawa hoton 'yan daƙiƙu ne, kuma galibi kafin mutum ya isa gaban na'ura bugun ya riga ya lafa. Akwai wata matsala ta wayoyin lantarkin zuciya da ake kira SVT, wadda sau da yawa ake rikita ta da firgici. Alamarta ita ce takan tashi farat ɗaya kamar an kunna fitila, ta kai 150 ko fiye da haka nesa, sannan ta yanke farat ɗaya, ita kuwa zuciyar mai firgici a hankali take hawa, a hankali take sauka. Ka nemi ganin likitan zuciya ko likitan iyali a lokacin da kake cikin natsuwa, ka roƙi a ɗaura maka na'urar Holta, wadda ake kwana da ita awa 24 zuwa 48 tana rubuta kowane bugu. Ka roƙi a duba yawan jininka, da sukari, da kitsen jini, da gishirin jiki, da kuma halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, domin idan ta yi aiki fiye da kima takan kawo bugun zuciya da rawar hannu da rama. Ka gaya masa labarin Baba dalla-dalla. Abin da likitoci suka fi sa wa ido a tarihin dangi shi ne namijin da ciwon zuciya ya kama kafin shekara 55, ko wanda ya mutu kwatsam yana matashi. Dattijo mai shekara 68 da hawan jini da sukari labarinsa daban ne, abin da ya bar maka shi ne ka riƙa awon jini da sukari a kan kari. Doka ta wajabta wa kamfanoni masu zaman kansu a ƙasar nan ta Saudiyya su yi wa ma'aikatansu inshorar lafiya, don haka ka duba katin ta'amininka, wato na inshora, ka tambayi abin da ya ƙunsa, kuma lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya tana ba da shawarar likita dare da rana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya: ka faɗi maganar gahawa da goro da ƙwayar abokinka, ka kuma tambayi likita kai tsaye ko ya yarda ka ci gaba da tuƙi kafin sakamako ya fito.

Akwai kuma alamomin da ba a zama a ce firgici ne. Idan ka ji nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ya ƙi wucewa, ko ka suma, ko numfashi ya ɗauke maka da ɗan ƙaramin aiki, ko wani ɓarin jikinka ya saki, ko bugun ya zarce 150 kana zaune ya ƙi sauka, ka kira motar agaji a 997 nan take, kada ka tuƙa kanka.

Yanzu ga abin da yake hannunka tun daga yau. Gahawa da lemon ƙarin kuzari da goro da baƙin shayi duk abu ɗaya suke ɗauke da shi, wato kafeyin, kuma an daɗe da sanin cewa yana tayar da farmakin firgici ga masu wannan lalura. Ƙaramin gwangwani ɗaya yakan ɗauki kimanin miligiram 80, iyakar da ake ba lafiyayyen baligi a rana kuma miligiram 400 ce, kai kuwa idan aka haɗa gwangwani uku da finjalan gahawa da goro, ina zaton ka kai nan ko ka wuce. Rabin abin da ka sha yana nan a jininka bayan kimanin awa biyar, shi ya sa wanda ka sha a hanyar Madina da tsakar dare yake hana ka barcin safe, rashin barcin kuma ya sa ka nemi wani gwangwanin. Kada ka yanke su rana ɗaya, domin hakan yana kawo ciwon kai da kasala. Ka fara da lemon, ka rage ɗaya-ɗaya cikin mako biyu, sannan ka bi da goro. Ka yawaita shan ruwa, domin a zafin Makka da yakan haura digiri 45 ƙishirwa kaɗai ta isa ta ƙara gudun zuciya. Wasu magungunan mura masu buɗe hanci ma suna yin haka, don haka ka tambayi mai kemis kafin ka saya. A ganina barcin da kake ci bashinsa ya fi firgicin haɗari ga fasinjojinka, kuma babu gwangwanin da yake biyan wannan bashi.

Idan farmakin ya taso, abu na farko shi ne ka kira shi da sunansa a zuciyarka, ka ce wannan firgici ne, na san shi, ya zo sau da yawa ya wuce. Sannan ka sassauta kafaɗu, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, cikinka yana tasowa, ka sake shi a hankali ta baki kana ƙirga shida ko bakwai. Sirrin yana wajen fitar da numfashi, domin a lokacin ne jijiyar birkin nan take rage gudun zuciya. Kada ka yi ta zuƙar iska da ƙarfi kana neman ta cika ƙirji, wannan shi yake ƙara jiri. Ruwan sanyi a fuska ma yana taimakawa, alwala da ruwa mai sanyi ta wadatar. Amma ka koyi numfashin nan lokacin da kake lafiya, minti biyar bayan Asuba da minti biyar bayan Isha'i, domin ba a koyon iyo ranar da kwale-kwale ya kife. Idan a kan hanya ne, ka rage gudu, ka ba da sigina, ka sauka gefen titi a inda babu haɗari, ka jira har ya lafa. Idan a cikin nafaƙ ne, ka riƙe layinka da matsakaicin gudu, idonka a kan titi da motar gabanka, har ka fita sarari. Ka tuna cewa ranar farko ma, da ba ka san ko mene ne ba, kai ne ka fitar da motar lafiya.

Maganar da za ta fi yi maka nauyi ita ce ta na'urar yatsa da ƙofar masallaci, kuma a nan nake so ka fi ba ni hankalinka. Duk lokacin da ka maƙala na'urar ka ga 88 ka ji sanyi, sanyin na minti kaɗan ne, abin da ƙwaƙwalwarka ta koya kuwa shi ne cewa zuciya abar gadi ce, in aka ɗauke ido daga kanta za ta tsaya. Haka nan duk ranar da ka tsaya kusa da ƙofa aka sallame lafiya, ƙwaƙwalwa takan ce ƙofar ce ta cece ka. Da haka duniyar mutum take ƙuntata, yau Harami, gobe kasuwa, jibi motar da yake ci da ita. Idan likita ya gama bincikensa ya wanke zuciyarka, ka mayar da awon sau biyu a rana na mako guda, sannan ka miƙa na'urar ga wani ya ajiye maka. Ka koma wuraren da ka gudu daga gare su mataki-mataki: ka matsa daga bakin ƙofa zuwa ƙarshen sahu na uku, ka yi kwanaki a nan, sannan tsakiyar sahu, sannan Harami da hantsi a hawa na sama lokacin da jama'a suka ragu, sannan sallar Isha'i, kafin ka kai ga Juma'a. Sharaɗin shi ne idan bugun ya taso ka tsaya a wurin har ya sauka da kansa, domin wannan tsayuwar ce take koya wa jiki abin da magana ba ta iya koya masa. Ka kuma riƙa hawa bene da sauri da gangan, ko ka yi tafiya mai ƙarfi ta minti talatin bayan Magariba, zuciyar ta buga ka saurare ta, har ka sake sabawa da muryarta.

Wannan tsari da na zayyana shi ne ginshiƙin jinyar da masana halayyar ɗan'adam suke yi ta hanyar tattaunawa da atisaye, wadda za ka nema a asibiti da sunan al-ilajul ma'arifi as-suluki. Yawanci zama ne na mako-mako na kimanin wata uku, kuma ya fi sauƙi da jagora fiye da mutum shi kaɗai. Idan farmakin ya ci gaba da yawa, likita yana iya haɗa maka da magani irin su sataralin ko esitalofiram. Waɗannan sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsu, a makon farko ma wani yakan ji fargabar ta ɗan ƙaru, ana ci gaba da shan su watanni bayan an samu sauƙi, ba a kuma yanke su sai da sanin likita. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba shaidar hauka ba ce, kamar yadda zuwa wurin likitan ido ba shaidar makanta ba ce. Ƙwayar abokin ɗakinka kuwa, na yarda da kyakkyawar niyya ya ba ka, amma ina roƙonka kada ka ƙara shan ta. Maganin da yake kwantar da fargaba nan take ya kuma sa barci, mai yiwuwa daga dangin Valium da Xanax yake, waɗanda jiki yake sabawa da su cikin 'yan makonni, suke kuma rage saurin hannu da ƙafar direba. A ƙasar nan riƙe irinsu ba tare da takardar likita ba laifi ne da zai iya raba mutum da aikinsa da iƙamarsa. Idan kuma wata rana ka ji rayuwar ta fita daga ranka gaba ɗaya, ka gaya wa likita ko wani na kusa da kai a ranar, kada ka kwana da wannan tunani.

Game da Kawu, kada ka riƙe shi a zuciya. Mutumin da ya kawo ka, ya ga ɗan 'yar'uwarsa yana ramewa, ya ɗauke ka ya kai ka inda ya san ana samun waraka, ƙauna ce ta sa shi. Ruƙya da ayoyin Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata alheri ce, ka ci gaba da azkar ɗinka na safe da yamma, ka riƙe addu'ar nan ta neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da Bukhari ya ruwaito. Abin da ba zan goyi bayansa ba shi ne a hana ka asibiti, ko a yi ta karɓar kuɗinka, ko a ɗura maka abin da ba ka san haɗinsa ba. Maganar raunin tawakkali kuwa ban yarda da ita ba. Dutsen Hira yana nan a garin da kake zaune, kuma a farkon Sahihul Bukhari an ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauko daga kogon bayan wahayin farko zuciyarsa tana kaɗawa, yana cewa a lulluɓe shi. Ba ina kwatanta nauyin wahayi da lalurarka ba ne, ina nuna maka cewa kaɗawar zuciya don tsoro ɗabi'ar jikin ɗan'adam ce, ba ma'aunin imani ba. Malaman Musulunci ma sun daɗe da ɗaukar wannan a matsayin ciwo mai magani. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya ware babi a kan tsoro da firgici a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar larura. Ka je wa Kawu da ladabi, ka gode masa, ka roƙe shi ya raka ka wurin likitan zuciya. Shekarun da ya yi a nan za su taimaka wajen Larabci, kuma dattijon da aka ba matsayi a cikin jinya ya fi saurin zama mai goyon baya.

Sai maganar Baba, wadda a wurina ita ce tushen wasiƙar. A gida, idan uba ya rasu, ɗa yakan ga gawa, ya sa hannu a makara, ya zuba ƙasa, ya zauna a tabarma kwana uku mutane suna shigowa suna faɗin alherin mamaci, har zuciya ta gamsu cewa abin ya faru. Kai ba ka samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ba ma'aikaci hutun kwana biyar da albashinsa idan mahaifi ya rasu, amma ko wannan ba ka ɗauka ba. Baƙin cikin da ba a ba shi wurin zama ba yakan nemi hanya ta cikin jiki. Manzon Allah ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu Ya yarda da shi. Ka tara 'yan'uwanka na ɗaki da Kawu wata rana bayan Isha'i, ka ba su labarin Baba, sana'arsa da halinsa da maganar ƙarshe da kuka yi, a yi masa addu'a tare, idan hawaye ya zo ka ƙyale shi. Ka yi masa sadaka. Kana da wata dama da 'yan'uwanka na gida ba su da ita, wato ka yi masa Umara, kuma ina ganin zai yi kyau ka sa ta zama matakin ƙarshe na komawarka Harami.

Matarka kuma ta cancanci ta sani. Na fahimci ka ɓoye ne don kada ka ɗaga mata hankali tana nesa, amma mace tana jin canjin muryar mijinta ta waya, kuma idan ba a gaya mata dalili ba za ta nemo wani da kanta, wataƙila wanda ya fi gaskiyar muni. Ka gaya mata bayan ka ga likita, ka ce an duba zuciya, ga sunan lalurar, ga abin da ake yi a kai, ga abin da kake so daga gare ta, wato ta saurare ka idan ka kira, ba tare da ta riƙa tambayar bugun kowace sa'a ba. Hajiya mahaifiyarka kuwa tana cikin nata rashin, don haka ka auna abin da za ta iya ɗauka, amma ka yawaita kiran ta kuna hirar Baba.

Ba na ba ka shawarar ajiye aiki yanzu. Hukuncin da aka yanke cikin tsoro yakan zo da nadama, kuma firgicin da aka gudu daga gare shi a Makka yana iya tarar mutum a tashar motar garinsu, ga rashin albashi a kai. Akwai matakai kafin wannan. Da takardar likita, dokar ƙwadago ta ba ka hutun rashin lafiya har kwana 30 da cikakken albashi a shekara, sannan kwana 60 da kashi uku cikin huɗu. Kana iya roƙon mai kula da ku ya sauke ka daga tuƙin dare na hanyar Madina, tafiyar da ta zarce kilomita 400, ya mayar da kai gajerun hanyoyin cikin gari na wata biyu, ko ya haɗa ka da direba na biyu. Shi ma yana da nauyin fasinjoji a wuyansa, don haka direban da ya zo da takarda da tsarin jinya ya fi masa wanda ya ɓoye har wani abu ya faru. Ka kuma nemi hutunka na shekara ka je gida, ka tsaya a kabarin Baba, ka zauna da Hajiya. Idan bayan jinya da hutu ka ga zaman gida ya fi maka, sai ka yanke hukuncin da hankali kwance.

A wannan makon ina so ka yi abu uku tak, ƙanena: ka kama layin ganin likita, ka rage gwangwani ɗaya, ka matsa sahu ɗaya daga bakin ƙofa. Bayan wata guda ka sake rubuto mini, ka gaya mini abin da na'urar Holta ta nuna da sahun da ka kai. Idan kuma Allah Ya nufa ka ɗaura harami ka yi wa Baba Umara, ka sa ni a addu'arka a kan Safa.